Yadda Ake Aikin Yini Guda a Kan Tafkin da Ƙanƙara Ta Rufe a Antatika

Tafkunan da ke Busassun Kwaruruka na McMurdo, a nahiyar Antatika, ba sa buɗewa. Ƙanƙara mai kaurin mita 3 zuwa 6 ce ke rufe da su duk shekara, sai ɗan gefe-gefe da ke narkewa a watannin Disamba da Janairu. Tafkunan Fryxell da Hoare da Bonney suna cikin kwarin Taylor, Vanda kuma yana kwarin Wright. Babu kifi a cikinsu ko guda. Masu gidan su ne ƙananan halittun da ido ba ya gani: bakteriya, gansakuka mai ƙwaya ɗaya, da 'yan tsirarun halittun da ke cin su. Tun 1993 masu bincike ke zuwa kowace shekara a ƙarƙashin wani shiri na dogon zango da Amurka ke ɗaukar nauyinsa, suna aiki daga wajen Oktoba zuwa farkon Fabrairu, lokacin da rana ba ta faɗuwa.

Kafin ka taɓa kowane inji, ka fahimci abu ɗaya, domin duk tsarin aikin daga gare shi ya fito. Iska ba ta kaiwa ga ruwan nan, saboda haka babu abin da ke motsa shi balle ya gauraya. Yana kwance hawa-hawa, mai nauyi a ƙasa, marar nauyi a sama, wasu hawan sun yi ɗaruruwan shekaru a yadda suke. A Vanda, ruwan da ke ƙarƙashin ƙanƙara ruwan daɗi ne mai tsananin sanyi, amma can wajen mita 70 ya fi na teku gishiri ninkin ba ninkin, kuma ɗuminsa ya kai kusan digiri 25 saboda zafin rana da ya taru a ciki. A Fryxell, sama cike take da oksijin, amma da ka wuce kamar mita 10 babu shi sam. Kowane hawa da mazaunansa. Idan ka yi kuskuren rabin mita, ko ka jawo ruwan ƙasa ya ratsa na sama, to abin da ka auna ɓarnar hannunka ce, ba halin tafkin ba.

Kafin a taka ƙanƙara

Agogo ne kaɗai ke nuna safiya, kuma agogon Niyu Zilan ake bi, tunda daga Christchurch jirage ke tashi zuwa McMurdo, tashar bincike ta Amurka. Kowane sansani yana da lokacin da aka ƙayyade masa na kiran tashar kowace rana don a san kowa lafiya. Kada ka bari lokacin ya wuce. Shiru daga gare ku yana nufin a fara shirin neman ku.

Ka dubi sama ta ɓangaren tudun ƙanƙarar da ke kan kwarin. Daga can wata iska mai ƙarfi ke gangarowa, tana zuwa ba sallama, ta ɗaga rairayi, ta yi awon gaba da duk abin da ba a ɗaure ba. Idan ta taso, a ɗage aikin. A Oktoba da Nuwamba sanyi na iya kaiwa digiri 20 ko 30 ƙasa da sifili, a tsakiyar Disamba kuwa yakan tsaya kusa da sifili, to sutura ta zama hawa-hawa yadda za ka rage ko ka ƙara. Gumi abokin gaba ne, domin da ka tsaya zai huce a jikinka. Ka sa tabarau mai duhu da man kare fata daga rana, ka ɗaura ƙarafunan riƙe ƙanƙara a tafin takalmi. Safar hannu biyu ko uku: mai kauri ta tafiya, siririya ta ɗaura igiya, da ta roba da za ta hau kan siririyar in an zo taɓa samfur. Batir da alƙalami su zauna a aljihun ciki kusa da jiki. A littafin aiki da fensir ake rubutu, don tawada na daskarewa.

Kwalabe kuwa tun daren jiya ya kamata a gama manna musu suna: tafki, kwanan wata, zurfi, da abin da za a auna. Takarda ba ta kama jiƙaƙƙiyar kwalba mai sanyi, kuma yatsun da suka sandare ba sa rubutu mai karantuwa. Kowa ya riƙe oba-obarsa, kuma babu mai hawa tafki shi kaɗai. Idan kakar aiki ta yi nisa, wurin da ya fi haɗari shi ne gefen da ya narke, inda ƙanƙarar safe ke yaudara, ta ɗauki mutum da safe ta ƙi ɗaukarsa da yamma.

Huda rami

A kan wuri mafi zurfi ake huda ramin ɗibar ruwa, kuma a wuri ɗaya kowace shekara, don a iya kwatanta bana da bara. Injin huda na fetur ake fara amfani da shi, mai murɗaɗɗen ƙarfe mai faɗin kamar santimita 25. Mutum biyu ke riƙe shi. Ana hudawa mita guda, a ɗaga, a share garin ƙanƙara, a ƙara wani ƙarfen, a ci gaba. Kada ka tsayar da injin alhali ƙarfen na cikin rami, musamman in ruwa ya fara shigowa. Minti kaɗan ya isa ya daskare a ciki, sai ku ɓata kwana guda wajen narkar da shi.

A wajen mita 2 za ka ji bakin injin yana ƙara kamar ya ci dutse. Rairayi ne da iska ta watsa a saman tafkin, rana ta ɗumama shi, ya nutse cikin ƙanƙarar. Yana dakushe baki nan da nan, don haka a zo da na canji. Shi ma wannan rairayin gida ne: John Priscu da abokan aikinsa sun nuna a 1998 cewa akwai ƙananan halittu da ke rayuwa a 'yan aljihunan ruwan da ke kewaye da shi a tsakiyar ƙanƙara. Idan ɓangaren bincikenka ne, da ƙarfen yankan ƙanƙara mai tsabta za ka ciro shi, a rami na daban.

Dabarar da ta fi ita ce a tsaya kafin a ɓulla, a bar kamar rabin mita, sai an kafa tanti a kan wurin an shirya komai sannan a ƙarasa. Da an ɓulla, ruwa zai taso cikin ramin ya tsaya ƙasa kaɗan da bakinsa, domin ƙanƙarar tana yawo ne a kan ruwan, kusan kashi tara cikin goma nata a nutse. Wannan matsayin da ruwan ya tsaya, daga nan ake ƙirga duk wani zurfi. Saman ƙanƙara ba abin dogaro ba ne, yana da tudu da kwari, kuma iska na cin sa kullum. Ka auna kaurin ƙanƙarar, ka auna tazarar bakin rami zuwa ruwa, ka rubuta duka biyun.

Idan kayan aikinka sun fi ramin faɗi, sai a faɗaɗa shi da naɗaɗɗen bututun tagulla da ruwan zafi mai haɗe da gilaikol, sinadarin hana daskarewa, ke zagayawa a cikinsa. Yakan ɗauki sa'o'i da yawa, ramin masu nutso kuma kwanaki. Dole wani ya zauna gadi, yana duba mahaɗar mesa, yana zuba mai. Ɗigon gilaikol ko na fetur a cikin ramin abinci ne ga bakteriya a ruwan da ba shi da abinci, kuma tafkin ba shi da mafita da za ta wanke shi. Janareta da jarkoki duk su zauna cikin faffaɗan tire mai baki, da ƙyallen tsotse mai a kusa. Hayaƙin inji ya fita waje, kuma a rataye na'urar gano gubar hayaƙi a cikin tanti.

Bayan an gama, a kwashe ɓarɓashin ƙanƙara da matsami mai tsabta, a rufe ramin da murfi mai duhu, a bar shi ya kwana. Ruwan narkakkiyar ƙanƙara da ya cika ramin ba ruwan tafki ba ne.

Auna kafin ɗiba

Na'urar farko da ke sauka ita ce mai auna gishiri da zafi da zurfi a lokaci guda. A bar ta minti biyu ko uku a cikin rami ta saba da sanyin ruwan, sannan a sauke ta sannu a hankali, ba tsayawa ba fizga. Ita za ta nuna maka inda gishiri ya yi tsalle, kuma a nan rayuwa ta fi taruwa, saboda a nan ɗan hasken da ke saukowa ke haɗuwa da abincin da ke tasowa daga ƙasa. A tafkin Bonney, a dab da wannan iyaka aka samo wata koriyar gansakuka ta dangin Chlamydomonas wadda ta saba da duhu da gishiri har ba ta jure ɗumin ɗaki.

Sai na'urar haske. Ɗaya a waje tana kallon sama, ɗaya a cikin ruwa, a karanta su tare. A yawancin tafkunan nan abin da ke ratsa ƙanƙara bai wuce kashi 1 zuwa 3 cikin ɗari ba, sai Vanda mai garai-garai da ke barin fiye da haka. Ka toshe ramin yayin karatu, in ba haka ba hasken da ke zubowa ta cikinsa zai ƙara maka lamba. Tanti ma yana yin inuwa, shi ya sa ake huda wani ƙaramin rami a waje don wannan aikin.

A ganina, waɗannan awon a yi su kwana guda kafin ɗibar ruwa. Na'urar da ta je ƙasa ta dawo ta riga ta ja ruwa a bayanta.

Ɗibar ruwa

Kwalbar Niskin bututun roba ne mai murfi sama da ƙasa, yawanci mai cin lita 5. Ana sauke ta a buɗe, ruwa na ratsa ta, har ta kai zurfin da ake so. Sai a saki wani ɗan ƙarfe mai nauyi ya bi igiya ya bugi maɓalli, murafan biyu su rufe. Ka ɗora yatsa a kan igiyar, za ka ji bugun ya iso hannunka. In ba ka ji ba, kada ka yi zato, ka ɗago ka duba.

Kwalbar ta kwana a wuri mai ɗumi. Idan ka tsoma ta da sanyin digiri 20 ƙasa da sifili a jikinta, nan take za ta yi rigar ƙanƙara, murfi ya ƙi zama, ruwan ya yoye a hanya.

Daga sama ake farawa a yi ƙasa, babu sauyi a wannan. Kowace kwalba da ta dawo daga ƙasa tana jan ruwan gishiri, to ya zama ta ratsa ne ta hawan da an riga an ɗiba. In ta kai zurfinta, a dakata kamar minti guda kafin a rufe, ruwan da ta jawo daga sama ya fice. Gaggawa a nan asara ce. Mutum ɗaya na kan igiya yana faɗin zurfi da ƙarfi, wani ya maimaita ya rubuta tare da lokaci, na uku yana jiran kwalba. Tantin ya zama a rufe, haske kaɗan. Halittar da ta rayu a kashi ɗaya cikin ɗari na hasken rana, in ta ga rana tsagwaronta ko na daƙiƙu kaɗan ne, ta jigata, kuma duk abin da ka auna daga baya na majinyaciya ne.

Da kwalba ta fito, akwai samfurin da ake fara ɗiba. Iskar da ke narke cikin ruwa ita ke fara gudu, don haka oksijin ne farko. Saman waɗannan tafkuna yana ƙunshe da oksijin fiye da ƙima, domin duk lokacin da ruwa ya daskare a ƙarƙashin murfin ƙanƙarar yana tura iskarsa cikin wanda bai daskare ba, ga kuma wanda gansakuka ke fitarwa ba shi da hanyar fita. Za ka ga ƙananan kumfa suna fitowa a jikin kwalba. Ka zura siririyar mesa har gindin kwalbar gilashi, ka bar ruwa ya cika ya tumbatsa kamar sau biyu, ka zare mesar a hankali tana zuba. Sai magunguna guda biyu na hanyar Winkler ta auna oksijin, ɗaya bayan ɗaya, ka toshe ba tare da ko ƙwayar kumfa ba, ka girgiza. Gari mai ruwan ƙasa-ƙasa zai bayyana, duhunsa gwargwadon yawan oksijin. A ruwan ƙasan Fryxell fari fat zai fito, kuma tun kafin nan hancinka ya gaya maka, don warin ruɓaɓɓen ƙwai zai cika tantin. Hanyar nan tun 1888 take, har yau kuma da ita ake gwada gaskiyar na'urorin zamani.

Bayan oksijin sai narkakken kabon da awon tsami, sannan samfuran halittu, daga ƙarshe na sinadaran abinci da gishiri. Kowace kwalba a ɗauraye ta sau uku da ruwan da za ta ɗauka, kuma ɗaurayen ya tafi cikin bokiti, ba cikin rami ko kan ƙanƙara ba. Kwalaben halittu masu duhu ne, suna shiga cikin kula nan take. Aikin kula a nan biyu ne: hana haske, da hana daskarewa. Mutane kan manta da na biyun. Samfurin da ya daskare a hanyar komawa sansani ƙwayoyinsa sun fashe.

Nawa suke ci, nawa suke girma

Ƙirga halittu bai isa ba, ana so a san ko aiki suke yi. Don auna yadda gansakuka ke haɗa abinci da haske, ana zuba ruwan kowane zurfi a ƙananan kwalaben gilashi, biyu ko uku garai, ɗaya a naɗe baƙi ƙirin. A ɗiga wa kowace kabon-14, wani nau'in kabon da ake iya bin sawunsa, daidai gwargwado, a ɗaura su a igiya, a mayar da kowace zurfin da aka ɗebo ta, su yi awa 24. Abin da garai ta ɗauka, a cire na baƙar, shi ne aikin haske. Na bakteriya kuma da timidin ko lusin, sinadaran da suke gina jikinsu da su, masu alamar tiritiyam ake yi, a cikin duhu, a sanyin da ya yi daidai da na tafkin. Kowane jeri ya kasance da kwalba ɗaya da aka kashe halittunta tun farko, don a san abin da ke manne wa takarda ba tare da rai ba.

Waɗannan sinadarai masu tururin nukiliya ne, ko da yake kaɗan ne. Sai da izini da horo, a kan tire na musamman, kuma shararsu daban take tafiya. Ka rubuta lokacin ɗigawa da lokacin cirewa har minti.

Tacewa

Nan ne yinin ke tsawo. An dawo sansani da jarkoki, kowa ya gaji, amma ruwan ba ya jira, halittun ciki suna ci gaba da canza shi. A ci abinci mai zafi a tsaye, a rufe tagogin ɗakin gwaji, a rage ɗumi, a fara.

Don kulorofil, koren sinadarin da gansakuka ke kama haske da shi, takardar tacewa ta zaren gilashi ake amfani da ita, mai ramuka kamar maikuron 0.7 (maikuron ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita). Famfon tsotsa ya yi aiki a hankali, domin tsotsa mai ƙarfi na fasa ƙwayoyi, abin da kake nema ya bi ruwa ya wuce. Da ruwan ya ƙare a kashe, kada takardar ta sha iska. A ninke ta biyu da hantsaki, fuskar a ciki, a naɗe da takardar alminiyam, sai firiza. Daga baya za a jiƙa ta a asiton mai ƙarfin kashi 90. Ruwan da ya wuce ta takardar ba shara ba ne, shi za a daskarar don auna naitirojin da fosfaras.

Na DNA, sinadarin gado da ake gane halittu da shi, ya fi kowa tsantseni. Matacin maikuron 0.22 ake tura ruwa ta ciki, lita ɗaya ko fiye, gwargwadon yadda ya karɓa kafin ya toshe. Sabuwar safar roba, a goge tebur da etanol, a yi shiru a kan buɗaɗɗen samfur. Halittun ruwan nan ba su da yawa, to bakteriyar fatarka da ta numfashinka za su fito ɓaro-ɓaro a sakamakon. Kullum ka tace ruwa mai tsabta na ɗakin gwaji ta mataci ɗaya, ka bi da shi duk hanyar da sauran suka bi. Wannan fankon samfurin shi zai raba maka ɗan tafki da baƙo. Ka rubuta ainihin adadin ruwan da ya wuce, ba wanda ka yi niyya ba. A kore sauran ruwan da sirinji, a zuba maganin adanawa, a toshe, a daskarar a mafi sanyin abin da kake da shi.

Samfuran ƙirga a madubin ƙara girma ana kashe su da fomalin, na gansakuka kuma da ruwan Lugol, kuma su a sanyi suke zama amma ba a firiza ba. A ware musu akwati daban mai babban rubutu. Tacewar ma daga sama ake farawa, a ɗauraye mazurari tsakanin kowane zurfi, don ɗigo ɗaya na ruwan ƙasan Bonney ya isa ya ɓata lissafin ruwan sama.

Shimfiɗun da ke ƙasa

A ƙasan tafkin, duk inda haske ya kai, sayanobakteriya, wato bakteriya masu haɗa abinci da haske, sun yi shimfiɗa mai kauri, ja-ja ko ruwan hoda, da ke ƙaruwa siririn layi ɗaya a shekara. A Vanda suna tashi tsini-tsini. A tafkin Untersee, can wani ɓangaren nahiyar, ayarin Dale Andersen ya tarar da su sun yi tulluwa masu tsayin kusan rabin mita. Masu nutso ne ke ɗebo su, da rigar da ruwa ba ya shiga, da igiya a ɗaure a jiki, wani na riƙe da ita a bakin rami, wani mai nutson kuma a shirye. Mafita ɗaya ce, ramin da aka shiga. Bugun ƙafa ɗaya a kan shimfiɗa yana share girman shekaru masu yawa, saboda haka mai nutso yana shawagi ne a samanta, ya yanki ɗan abin da ake buƙata da bututu, ya toshe shi a can ƙasa. Wannan aikin ƙwararru ne. In babu su, kyamara a kan igiya za ta nuna maka abu mai yawa.

Abin da aka shigo da shi, da shi ake fita

Yarjejeniyar Madrid ta 1991 ce ke kare muhallin nahiyar, kuma tun 2004 kwarurukan nan suna ƙarƙashin kulawa ta musamman. A aikace, ma'anarsa ita ce babu abin da ke taɓa ƙasa. Fitsari a kwalba, daga nan zuwa duro. Bayan gida, ruwan wanke-wanke, ragowar samfur, duk jirgi mai saukar ungulu ke kwashe su. A sansanin tafkin Hoare, ruwan sha daga gutsattsarin ƙanƙarar da ke faɗowa daga kogin ƙanƙara na Canada ake narkar da shi, don haka ba wanda ke wasa da shi. Idan ka ci karo da busasshiyar gawar dabbar teku a kan hanya, wadda ta ɓato daga gaɓa ta mutu tun tuni, ka kalla ka wuce.

Kafin a koma wani tafki, a wanke kwalbar Niskin da igiya da duk abin da ya shiga ruwa, a goge da etanol, a bar su su bushe. Fryxell da Hoare kogin ƙanƙara ɗaya ne ya raba su, amma ruwansu da mazaunansu daban.

Kafin barci, a ɗauki hoton kowane shafi na littafin aiki, a kwafe bayanan na'urori wuri biyu, a jera kwalabe a ƙirga su da takardar lissafi. A sa batir a caji, a kai Niskin wuri mai ɗumi. Wani ya saita agogo don ciro kwalaben kabon-14 a daidai lokacinsu, ya tafi da ƙarfen fasa ƙanƙara, domin bakin ramin zai yi sabon murfi kafin nan. Akwatunan da jirgi zai ɗauka kuma a auna nauyin kowanne a rubuta a jikinsa, a rubuta wanda ya kamata ya zauna a daskare da wanda bai kamata ya daskare ba, sannan a faɗa wa tashar ta rediyo don a shirya musu wuri kafin su sauka.